Wane fawa-fak ya dace da kwamfutarka: mai araha, Bronze, Gold ko na gwanjo?

Yawancin masu haɗa kwamfutar tebur sukan kashe kuɗinsu a kan furosesa, katin hoto da RAM, sai abin da ya yi saura a aljihu a miƙa wa mai shago a ce ya kawo fawa-fak, wato akwatin da ke ba kayan cikin kwamfutar wuta. Ni kuwa a ganina shi ya kamata a fara ware wa kuɗi, musamman a wurinmu da wuta ke zuwa yau da ƙarfi gobe ba ƙarfi, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu. RAM idan ta lalace ita kaɗai take tafiya. Fawa-fak marar kyau kuwa yana iya mutuwa ya tafi da modabod, da katin hoto, da hadis ɗin da aikinka na shekaru yake ciki.

Aikinsa shi ne ya karɓi wutar soket, wadda a Najeriya bolt 230 ce, a Nijar kuma 220, ya mayar da ita layuka uku da kayan ciki ke sha: bolt 12, bolt 5 da bolt 3.3. Tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, a asalinsa ya yarda kowane layi ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin 100 kawai, wato layin 12 kada ya sauka ƙasa da 11.4, kada ya wuce 12.6. A kwamfutocin yanzu kusan duk nauyin yana kan layin 12 ne, domin furosesa da katin hoto daga nan suke ci. Ka riƙe wannan, don a nan ake gane na gaskiya da na bogi.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce wat nawa, kuma ita ce mafi sauƙin amsawa. Ka ɗauki furosesa Core i5-12400F: an rubuta masa wat 65, amma idan aiki ya matse shi yana kai wa 117. Ka haɗa masa katin hoto RTX 4060 mai cin 115. Modabod, RAM, SSD da fankoki ka ba su kamar 50. Duka ka tashi da abin da bai kai 300 ba, shi ya sa Nvidia ta ce fawa-fak mai wat 550 ya ishi wannan kati. RTX 4070 yana cin 200, ana ba shi shawarar 650. RTX 4090 yana cin 450, shawararsa 850. RTX 5090 kuwa 575 yake ci shi kaɗai, ana nema masa 1000. Idan furosesanka irin Core i9-14900K ne mai kai wa 253, sai ka ƙara wani abu a kan waɗannan. Kwamfutar ofis ko ta kafe da ba ta da katin hoto na daban da wuya ta wuce 150, don haka mai kyau na 350 zuwa 450 ya wadatar da ita har da rara.

Wasu suna jin tsoron babban fawa-fak wai zai cinye musu kuɗin mita. Ba haka ba ne. Lambar da ke jikinsa kamar tan ɗin da aka rubuta a jikin tirela ne: iyakar abin da za ta iya ɗauka ke nan, ba abin da take ɗauke da shi kullum ba. Na 750 da ke ciyar da kwamfutar da ke buƙatar 200, kusan 200 ɗin da ɗan ƙari zai ja daga soket. Asarar sayen wanda ya yi maka girma ita ce kuɗin da ka biya a shago, ba kuɗin wuta ba. Abin da nake ba da shawara shi ne, ka lissafa iyakar cin kayanka, ka nemi wanda wannan lissafin zai zauna a kusan rabi zuwa kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. A nan yake aiki da sanyi, fankarsa ba ta ihu, kuma akwai wurin ƙarin kaya nan gaba.

To, bari mu ɗora su a kan sikeli. Na farko shi ne marar suna, wanda sau da yawa yake zuwa a cikin kes kyauta, ko a same shi a farashin da bai kai rabin na mai suna ba, an buga masa 600W ko 800W da manyan haruffa. Kada ka kalli manyan haruffan. Ka juya gefensa, akwai ɗan jadawali da ke nuna amfiya nawa kowane layi yake bayarwa. Ka nemi wurin da aka rubuta +12V, ka ninka amfiyar da 12. Idan, a ce, an rubuta 20A, to wat 240 ke nan a layin da ya fi muhimmanci, duk da cewa an kira shi 600. Sauran lambar an tara ta ne a layin 5 da 3.3 da kwamfutar yanzu ba ta cika taɓawa ba, ko kuma ƙarfin da yake iya bayarwa na ɗan ƙiftawar ido ne aka rubuta kamar na dindindin. A fawa-fak na gaskiya, layin 12 shi kaɗai yana ba da kusan dukkan lambar: na 650 za ka ga amfiya 54 ko kusa da haka.

Abin da ba a gani daga waje ya fi wannan muni. Fawa-fak nagari yana da masu gadi a ciki, kuma a kan rubuta su a kwali da gajerun haruffa: OVP idan bolt ya yi yawa, UVP idan ya yi ƙasa, OCP da OPP idan an ja fiye da ƙima, SCP idan waya ta haɗu, OTP idan zafi ya wuce iyaka. Kowanne aikinsa ya kashe na'urar kafin ɓarna ta auku. Masu arahar nan a wurin waɗannan ake rage kuɗi, da wurin kafasita (ƙananan kayan ciki masu tara wuta), da kaurin waya. Shi ya sa idan ka ɗaga shi za ka ji ba nauyi. Nauyi ba hujja ba ne cewa abu yana da kyau, amma rashin nauyi ƙwarai alama ce da ba ta cika yin ƙarya ba. Wurin da kawai zan iya haƙuri da irin wannan shi ne tsohuwar kwamfutar buga takardu wadda ko ta mutu ba a yi babbar asara ba. Duk wanda ya sayi katin hoto da kuɗin guminsa ya jona shi da marar suna, to ya sani araha ba ta ado.

Gardamar da ta fi cin lokaci ita ce tsakanin Bronze da Gold. Waɗannan matakai ne na tambarin 80 Plus, wanda aka fara a 2004, kuma babban abin da yake aunawa shi ne: kashi nawa na wutar da aka ja daga soket ne ya isa ga kayan kwamfuta, nawa ne ya zama zafi. A gwajin bolt 115 da aka fi yi, Bronze dole ya kai kashi 85 cikin 100 idan yana ɗauke da rabin ƙarfinsa, da 82 a kashi 20 da kuma a cike. Gold 90 ne a rabi, 87 a sauran biyun. Platinum 92 a rabi, Titanium 94. A kan wutarmu ta 230 kowannensu yakan ɗan fi haka.

Mu mayar da shi kuɗi. Kwamfutar da ke buƙatar wat 300, ta hannun Bronze za ta ja kusan 353 daga soket, ta hannun Gold kusan 333. Bambancin wat 20 ne. Idan tana aiki haka awa 8 kullum har shekara, yunit 58 ke nan. A farashin naira 225 kowane yunit da NERC, hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, ta sanya wa 'yan Band A (rukunin da ya fi samun wuta) a watan Afrilun 2024, abin ya kama naira 13,000 da ɗoriya a shekara. Ga mai kwamfuta ɗaya da ba ya matsa mata kullum, wannan ba zai mayar masa da bambancin farashin da sauri ba. Amma lissafin yana canzawa ga wanda ke kan sola ko janareta. Mai gidan gem da kwamfuta 10 masu Bronze, wat 200 ne yake zubarwa a banza duk lokacin da suke aiki haka, abin da sai ya ƙara fanel ko batir kafin ya cike shi. Sannan wat 53 na zafi da Bronze ke fitarwa a wannan misali, da 33 na Gold, a ɗakin da ba AC a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, ba abu ɗaya ba ne.

Sai dai ainihin dalilin da ya sa nake karkata ga Gold idan aljihu ya yarda ba tattalin wutar ba ne. Kamfanoni sun saba zuba kayansu masu kyau a wannan mataki. A nan za ka fi samun kafasita na Japan irin na Nippon Chemi-Con, Rubycon ko Nichicon masu jure zafin digiri 105, maimakon masu 85. Masu gyara sun san ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwar irin wannan kafasita, kuma mu a ƙasar zafi muke. A nan kuma za ka fi samun wanda aka yi alƙawarin zai ba da cikakken ƙarfinsa a digiri 40 ko 50, alhali da yawa daga cikin masu sauƙin kuɗi a digiri 30 aka auna su. Ka duba wannan lambar a takardarsa, domin ɗakin da ke digiri 38, cikin kes ɗinsa ya fi haka. Tsawon garanti ma yana faɗa maka yadda kamfanin ya yarda da kayansa: Corsair RMx da Seasonic Focus GX shekara 10 ne, Seasonic Prime 12, Corsair CX mai Bronze shekara 5.

Duk da haka tambarin Gold ba shaidar inganci ba ne. Akwai Gold da ba shi da kirki, akwai Bronze da ya fi shi, kuma akwai masu buga tambarin 80 Plus na ƙarya a kwali. Masu bayar da tambarin suna da jerin duk wanda suka gwada a shafinsu na intanet, ka nemi lambar samfurin a can. Akwai kuma Cybenetics, wani ɗakin gwaji da ke auna tattalin wuta da ƙarar fanka, kuma rahotonsa ya fi zurfi. Sunan kamfani kaɗai ma bai isa ba, domin yawancin masu sunan ba su suke ƙerawa ba. Masana'antu irin su CWT, Great Wall, FSP, Super Flower da Seasonic ne ke yi musu, kuma kamfani ɗaya yana iya samun samfuri mai kyau da marar kyau a shekara guda. Samfurin za ka bincika, ba sunan ba. Idan Bronze za ka saya, ka nemi wanda aka rubuta DC-to-DC a bayaninsa. Tsohon tsarin da ke ɗaure layin 12 da na 5 wuri ɗaya yakan bar bolt ya karkace idan katin hoto ya ja da ƙarfi alhali layin 5 yana zaune ba aiki.

Yanzu ga abin da masu sharhi na Turai da Amurka ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne kan gaba. Ka duba inda aka rubuta wutar da yake karɓa. Wani 100-240V ne, wani 200-240V. Kamfani ɗaya ma yana iya fitar da duka biyun: jerin MWE na Cooler Master yana da nau'in da aka rubuta wa 230V, da wanda aka rubuta wa Full Range, sunansu kusan ɗaya, kwalinsu kusan ɗaya. A ƙasar da wuta ke tsaye a 230 ba ta motsi, na 200-240 ya isa, ya kuma fi sauƙin kuɗi. A unguwar da taransifoma ta yi wa mutane kaɗan, da magariba wuta ta sauka har fanka na juyawa da kyar, mai 200-240 zai riƙa kashe kansa ko ya wahala, mai 100-240 kuwa zai ci gaba da aikinsa. Da a ce in zaɓa tsakanin Gold mai 200-240 da Bronze nagari mai 100-240 a irin wannan unguwa, Bronze ɗin zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Tsofaffin fawa-fak, musamman waɗanda suka shigo daga Amurka, suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Idan yana kan 115 aka jona shi a soket ɗinmu, nan take zai fashe. Ka duba shi kafin a sa wuta. Kasancewar makunnin ma alama ce cewa tsohon tsari ne marar Active PFC, wato ɓangaren da ke daidaita yadda fawa-fak ke jan wuta daga soket.

Shi kuma Active PFC, wanda kusan duk na zamani mai kyau yake da shi, yana da nasa sharaɗi a wajen UPS (na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta) da inbata. Ƙananan UPS masu araha da wasu inbatoci ba sa fitar da wuta mai santsi irin ta NEPA, mai hawa-hawa suke fitarwa. Wasu fawa-fak suna haƙuri da ita, wasu kuwa da an ɗauke wuta sai kwamfutar ta mutu duk da UPS ɗin yana kunne, ko ka ji tana zuzu. Wanda aka rubuta wa Pure Sine Wave shi ne ba ya kawo wannan rigima, kuma ga kwamfuta mai tsada shi ya dace. Akwai kuma ɗan lokacin da UPS ke ɗauka kafin ya koma kan batir, 'yan milisakan ne (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), wanda dole fawa-fak ya riƙe kwamfutar da abin da ya tara a cikinsa. Tsohon tsarin ATX ya nemi milisakan 17 a cike da kaya, ATX 3.1 ya sassauta zuwa 12. Wannan wani dalili ne na barin rara: wanda ke aiki a rabin ƙarfinsa ya fi daɗewa yana riƙewa. Wajen girman UPS kuma kada lambar VA da ake rubuta ƙarfinsa da ita ta ruɗe ka. Da yawa daga cikin ƙananan, wat ɗinsu kusan kashi 60 cikin 100 ne na VA, wato mai 650VA bai wuce wat 390 ba, kuma da ainihin abin da kwamfuta da allonta ke ja za ka auna shi, ba da lambar fawa-fak ba. Babu fawa-fak da zai tsaya wa tsawar damina ko wutar da ta dawo da hauka. Wannan aikin abin kare wuta ne da kuma wayar ƙasa mai kyau. Idan kes yana ɗan jan ka in ka taɓa shi, mai wayarin za ka kira ya duba wayar ƙasan gidan, canza fawa-fak ba zai magance shi ba.

Batun ATX 3.0 na 2022 da 3.1 da ya biyo shi a 2023 ya shafi masu manyan katuna ne. Katunan yanzu sukan yi fizgar wuta ta ɗan lokaci fiye da abin da aka rubuta musu, sai sabon tsarin ya wajabta wa manyan fawa-fak su jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon maikurosakan 100, wato kashi ɗaya cikin dubu goma na sakan. Ya kuma zo da waya mai fil 16 (fil su ne ƙananan haƙoran ƙarfe na bakin waya) da ke ɗaukar har wat 600, alhali tsohuwar mai fil 8 wat 150 take ɗauka. Bayan rahotannin narkewar bakin wayar a kan RTX 4090 a ƙarshen 2022, an gyara shi ya koma 12V-2x6, wanda ba ya sakin cikakken ƙarfi sai ya shiga har ƙarshe. Idan katinka irin wannan baki gare shi, ka sayi ATX 3.1 mai wayarsa ta asali, ka tura ta har ka ji ta kama, kada ka lanƙwasa ta dab da bakin. Idan kuwa RTX 4060 ne ko RX 6600 masu fil 8 ɗaya, ba ka da dalilin biyan ƙarin kuɗi saboda wannan.

Mai wayoyi a manne, da wanda ake cire wasu, da wanda ake cire duka, wutar da suke bayarwa ɗaya ce, tsabtar kes ce kawai ta bambanta. Gargaɗi ɗaya ne a nan: kada ka taɓa sa wayar wani fawa-fak a jikin wani, ko da bakin ya shiga daidai. Ɓangaren da ke shiga fawa-fak ba shi da tsari ɗaya tsakanin kamfanoni, kuma haka ake aika bolt 12 inda ake jiran 5, hadis ya ƙone.

Mutane da yawa a wurinmu ba haɗa kwamfuta suke yi ba, Dell OptiPlex, HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre na gwanjo suke saya a Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko a aiko musu daga Computer Village ta Ikeja. Fawa-fak ɗin cikin waɗannan yawanci nagari ne, manyan masana'antu irin su Delta ke yin su, amma ƙanana ne, kuma bakinsu na gida ne. OptiPlex 9020 siririn yana da wat 255, dogon yana da 290, kuma modabod ɗinsa fil 8 yake karɓa a maimakon 24 da kowa ya sani. Lenovo na wancan zamani fil 14 ne, na baya kuma 10. Don haka ba za ka sayo na ATX ka jona kai tsaye ba, a siririn ma ba zai shiga kes ba. Akwai wayoyin juya baki a kasuwa, amma dole su dace da wannan samfurin daidai. Hanyar da ta fi lafiya ita ce ka bar fawa-fak ɗin yadda yake, ka sa katin da ke cin wutarsa daga ramin modabod kawai, wanda iyakarsa wat 75: GT 1030, RX 6400, ko RTX 3050 mai 6GB, gajeren nau'in idan kes ɗin siriri ne. Wanda burinsa ya wuce nan, gara ya sayar ya haɗa sabuwa daga tushe.

Fawa-fak na hannu mai babban suna fa? Gold mai shekara 2 ko 3 a hannun wanda ka sani ya fi sabon marar suna nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce ba ka san tarihin na kasuwa ba. Bayan an daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katin hoto a watan Satumban 2022, kayan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Gwajin da masu shago ke yi, na haɗa koriyar waya da baƙa fanka ta juya, yana nuna cewa yana tashi ne kawai, bai nuna zai ɗauki kaya ba. Ka ce a jona shi da kwamfuta mai katin hoto, a kunna gem mai nauyi na rabin awa, a auna layin 12 da mitar auna bolt yana cikin aikin. Ka shinshina ko akwai ƙauri, ka haska tocila ta ragar fanka ko akwai kafasita da ya kumbura, ka tabbata wayoyinsa na asali ne kuma sun cika. Kada ka buɗe shi: babban kafasitan ciki yana riƙe kusan bolt 400, kuma yana iya riƙewa bayan an cire wuta.

Wasu Gold ɗin suna tsayar da fanka gaba ɗaya idan aiki bai yi nauyi ba. Da hunturu wannan yana rage ƙurar da yake zuƙa, da bazara kuwa na fi son fankar ta riƙa juyawa, don haka wanda ke da maɓallin kunna wannan da kashe shi a baya ya fi mana amfani. Idan fankar ƙasa take kallo, kada ka ajiye kes a kan kafet ko darduma, kuma ka riƙa wanke ragar da ke ƙarƙashinsa.

Garantin shekara 10 da ke jikin kwali, idan kayan ba ta hannun dilan kamfanin suka shigo ba, da wuya ka iya cin moriyarsa daga nan, don kuɗin aikawa waje yana iya kai kuɗin sabo. Wanda zai yi maka aiki shi ne na mai shagon. Ka tambaye shi wata nawa ya ba ka, ya rubuta a rasit tare da lambar siriyal ɗin da ke jikin fawa-fak ɗin, ka kuma gwada ta da wadda ke jikin kwali ka ga sun zo ɗaya kafin ka bar shagon.